Daga Keso Zuwa Salula: Tarihin Aljihu a Ƙasar Magarya da Dungas

Bara, gab da faɗuwar damina, wani maƙwabcina ya kai bijiminsa kasuwar Maigatari ranar Alhamis. Shekara biyu yana kiwonsa, da niyyar ya sayi taki da iri, ya kuma rage wani abu na auren 'yarsa. Ciniki ya faɗa, aka ƙirga masa nairori, ya raba su gida biyu ya cusa a aljihunan gefe na kaftaninsa, ya hau bayan kabu-kabu zuwa gida. Duk wanda ya san hanyoyin rairayi na ƙasar Dungas ya san yadda babur ke jijjiga mutum. Ko da ya sauka a ƙofar gida ya laluba, aljihun dama yana nan da nauyinsa, na hagu kuwa wayam. Ba a yanke shi ba, bai kuma yage ba. Zaman babur ne ya ɗaga cinyarsa, bakin aljihun ya kwanta, ɗaurin kuɗin ya zame a hankali ya bi rairayi. Mun bi sawu da tocila har tsakar dare, ba mu ga ko takarda ɗaya ba.

Kowa ya ce ƙaddara, haka ne kuwa. Amma washegari na karɓi rigar na auna aljihun da hannuna. Zurfinsa bai cika taƙi ɗaya ba, bakinsa kuma a buɗe yake a kan ɗinkin gefe, babu maɓalli babu murfi. Aljihu ne da aka yi wa mutumin da ke tsaye a wurin ɗaurin aure yana gaisawa da jama'a. Daga nan na fara tambayar kaina yadda aka yi mutanen da kusan duk rayuwarsu a waje take, tsakanin gona da daji da kasuwa da bakin iyaka, suke sa tufafin da ba su san da wannan rayuwa ba. Amsar, mai karatu, tana cikin tarihi.

Mu fara da kalmar kanta. Aljihu aro ne daga Larabci, daga kalmar jaibu, wadda asalin ma'anarta ita ce tsagar wuyan riga da ƙirjinta, inda mutum ke zura hannu ya ɓoye wani abu a jikinsa. Wannan ya nuna mana abu biyu. Aljihu ya shigo mana ne tare da rigar malamai da fatake da sarakai, kuma mazauninsa na farko ƙirji ne, tun kafin a san da na gefe.

Idan kana da tsohuwar babbar riga a gida, ta saƙi ko ta tsamiya, ɗauko ta ka shimfiɗa a tabarma ka duba. Aljihun wani babban ƙyalle ne da aka ɗora a gaban rigar ta ɓangaren hagu, daga bakin wuya ya gangara har wajen ciki. A kansa ne mafi yawan aikin allura yake. Askokin nan masu tsini da suka ba riga sunanta, aska biyu ko aska takwas, a wannan ɓangaren suke zubowa. Wani Bature mai suna David Heathcote, wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, ya shafe shekarun 1970 yana nazarin wannan ɗinki, rigunan kuwa yau suna jere a gidajen tarihi na Ingila da Faransa da Jamus ana kallonsu don kyau. Ni abin da ya fi jan hankalina hikimar aikin ce. Rigar da siraran ƙwarya aka haɗa ta, kowace da ɗinkinta, kuma inda irin wannan riga ke fara mutuwa shi ne bakin wuya da bakin aljihu, domin nan hannu ke ja kullum. To daidai nan aka tara zare, aka ninka, aka cike da ɗinki har wurin ya yi tauri. Adon da ƙarfin tare suka zo.

Dubi kuma inda aka sa shi. Hagu, don hannun dama ya ratsa ƙirji ya shiga ba tare da mutum ya karkace ba, da hannun dama ne kuwa ake bayarwa ake karɓa. A sama, don ko mutum ya hau doki ko ya naɗe ƙafa a fada, aljihun yana rataye a miƙe, bakinsa na kallon sama. Ga zurfi, har hannu ya nutse ya wuce wuyansa. Ga shi a ƙarƙashin idon mai shi, ɗan sane ba ya kaiwa nan sai an gan shi. Hausawa sun ce abin da ke cikin aljihu na mai riga ne, wannan aljihun kam ya cika maganar. Da a cikinsa maƙwabcina ya sa kuɗinsa, da ko Damagaram babur ya kai shi suna nan.

Sai dai fa babbar riga ba ta kowa ba ce a wancan zamani, kuma aljihunta ba don kuɗi aka yi shi ba. Goro ake sawa, da tazbaha, da wasiƙar da wani sarki ya aika wa wani, da ɗan abin da babba zai miƙa wa yaro. Kuɗin lokacin wuri ne. Heinrich Barth, matafiyin nan Bajamushe da mutanenmu suka sani da Abdulkarim, ya shiga Kano a 1851, ya kuma sauka Damagaram a ƙarshen 1852. Ya rubuta cewa a Kano wuri 2,500 ne ke sayen dalar azurfa ɗaya ta Turawa. Wuri 2,500 sun haura kilo biyu. Keso, wato jakar tabarma mai cin wuri 20,000, ya haura kilo 20, kuma kafin ƙarshen ƙarnin darajar wuri ta ƙara faɗuwa, nauyin ya ƙaru a kan abin da yake saye. Wanda ya sayar da sa a kasuwannin ƙasar Sosebaki, Dungas ko Waca, jaki yake nema ko ɗan dako. Babu maɗinkin da zai yi tunanin yi wa irin wannan dukiya aljihu.

Talaka mai zuwa gona kuwa, da makiyayi, da maharbi, taguwa ce ko warki a jikinsu. Aljihunsu a wajen tufa yake, kuma dukawa ne ke ɗinka shi. Nan ne, a ganina, ainihin fasahar ɗaukar kaya ta ƙasarmu take, domin kowace sana'a da jakarta. Maharbi da mai tafiya daji suna da burgami na fatar akuya, wanda ke rataye a kafaɗa ya kwanta a haƙarƙari, hannu biyu na nan a sake. Almajiri da malami suna da gafaka, mai murfi da ke rufe takardu kada ƙura ko yayyafi ya taɓa su. Wanzami yana da zabira, wadda in ka buɗe ta za ka ga gida-gida, aska da nata wuri, ƙoshiya da nata, ƙaho da nasa, har a duhu zai sa hannu ya ɗauko abin da yake so. Ga alabe, ga lalita da ake ɗaurawa a ƙugu a ƙarƙashin tufa, ga kube da ake ɗaure wuƙa da shi a dantse. Buzaye da ke saukowa da gishirin Bilma suna rataya wata 'yar jaka a wuya, mai murfi da ke zamewa a kan igiya, ba ta buɗewa sai an ja shi sama. Majemar Damagaram ta yi suna a wannan aiki tun kafin zuwan Turawa. Kamfanonin da ke ɗinka kayan hawan duwatsu a Turai a yau suna ta muhawara a kan inda nauyi ya kamata ya zauna a jiki, da yadda za a raba kaya gida-gida, da yadda murfi zai hana ruwa shiga. Badukun ƙauye ya daɗe da warware waɗannan da fata da basilla.

Abin da ya sauya lissafin shi ne mulkin mallaka. Faransawa sun ci Damagaram a 1899. Tsakanin 1906 da 1908 tawagar Tilho ta Faransa da ta O'Shee ta Ingila suka bi daji suna kafa alamomin iyaka, waɗanda tsofaffinmu ke kira tangaraho. Magarya, wadda gidan sarautarta reshe ne na tsohuwar sarautar Daura, ta faɗo arewa, Daura da Zango da Ɓaure suka faɗa kudu. William Miles, Ba'amurken da ya taɓa koyarwa a Magarya, ya rubuta littafi guda a 1994 a kan yadda wannan layi ya raba Yekuwa da 'Yardaji, ƙauyuka biyu da tafiyar ƙafa ce tsakaninsu. Abin da ya shafe mu a nan shi ne abubuwa biyu da layin ya ɗora wa talaka ɗauka: ƙarfe da takarda.

Nasara ya ƙi karɓar wuri a lanho, ya ce sai kuɗinsa. Dala, wato azurfar tamma biyar, nauyinta giram 25 ne. Dala 200 su ne tamma 1,000, kilo biyar ke nan a cikin buhu, shi ya sa har yau muke kiran sefa dubu jaka, ko jikka a bakinmu na nan. A kudu ma fam 100 ake kira jaka, sunan ya bi naira 200 bayan canjin kuɗi na 1973. Ka ga sunan mazubin ya zama sunan kuɗin. Amma abin da talaka ke riƙewa dala biyu ce ko uku da 'yan ƙananan canji, ƙanana da za su shige a tafin hannu, masu daraja da ba za a bar su a rataye a bango ba. Sai takarda: ta shaidar biyan lanho, ta izinin tafiya, daga baya katin ɗan ƙasa. Kafin a soke aikin tilas a 1946, takardar da ke jikin mutum na iya zama abin da zai raba shi da hannun dogari. Irin wannan abu ba a sa shi a burgami tare da ƙanzo da ƙyastu. Yana son wuri a jiki, busasshe, mai rufi.

Daga nan gyaɗa, ko gujiya kamar yadda muke cewa, ta zo da kuɗin takarda. Ƙasar Magarya ta kasance cikin manyan wuraren nomanta a Nijar, ana auna ta a kai Kano inda jirgin ƙasa ke jira. An kafa SONARA a 1962 don sayenta, aka kuma gina masana'antar mai a Magarya, kafin farin 1973 da cutar da ta biyo baya su karya noman. Kakata kan ba mu labarin kakar gyaɗa, yadda maza ke dawowa daga ma'auna da sabuwar riga da fitila, da yadda 'yan yankan aljihu ke bin kasuwanni daga gari zuwa gari. A wannan zamanin ne keken ɗinki ya bazu a garuruwanmu, tela ya zauna a rumfar kasuwa, yadin kanti ya ture saƙar hannu, kaftani da 'yar shara suka zama tufar kowa. Da su aljihun gefe ya shigo, da ɗan ƙaramin na ƙirji mai cin alƙalami da madubin ido.

Aljihu mai murfi da maɓalli kuwa soja ne ya kawo shi. Waɗanda Faransa ta ɗiba daga nan, da ake yi musu kuɗin goro da sunan 'yan Sanagal, da 'yan uwanmu na kudu da suka je yaƙin Bama, sun dawo da kaki mai aljihu a ƙirji biyu. Sojan Ingila ne, wajen 1938, ya fara sa wa kayan yaƙinsa babban aljihu a gaban cinyar hagu don taswira, da ƙarami a sama don bandeji. Wandon nan mai aljihu a cinya da samarinmu ke rububi a gwanjo jikan wannan ne. Turawa ma da yagewa suka koyi darasin. Wani tela mai suna Jacob Davis a garin Reno na Amurka, da ya ga aljihun leburori na tsagewa daga kusurwa, sai ya ɗauki 'yan ƙusoshin tagulla da yake kama bargon doki da su ya buga a bakin aljihun. Shi da Levi Strauss suka yi rajistar dabarar ranar 20 ga Mayu, 1873, wandon jins ya samo asali. Matsalar da mai ɗinkin aska takwas ya magance da zare, ita ce Davis ya magance da ƙarfe. Abin dariya, garin da aka haifi wannan tela a Turai sunansa Riga.

Yanzu mu dawo kan mutumin yau. Ka tare duk wani magidanci a Tinkim zai tsallaka Babban Mutum ka ce ya zazzage abin da ke jikinsa. Salula, wani lokaci biyu, ɗaya da layin Nijar ɗaya da na Najeriya. Sefa a gefe, naira a gefe, kuma tun da naira ta faɗi, kuɗin akuya ɗaya ma ɗauri ne. Katin ɗan ƙasa, takardun babur, makulli, tazbaha, goro, ƙila da takardar asibiti ta yaro. Kakansa bai taɓa ɗaukar rabin wannan a jiki ba. Kuma ba a tsaye yake yini ba: yana duƙe a kan hauya, ko yana tafe da kwashe a gona, ko yana kan amalanke, ko yana sassabe a ƙarƙashin gawo. Ƙasar Magarya da Matamai da Mirya ta yi suna a duniya saboda gawon da manoma suka raya a gonakinsu, gawo kuwa ƙaya gare shi. Aljihun da ya turo waje, ƙaya ce ke fara gaisawa da shi.

Kayan gwanjo da ke shigowa ta Kwatano da Lome sun ɗan toshe wannan giɓi. Shi ya sa za ka ga makiyayi cikin zafin bazara da rigar masunta ta Turawa mai aljihu goma, ko ɗan kabu-kabu da jibgegiyar rigar sanyi. Amma an yi su ne don wata ƙasa. Zif yana son tsabta, rairayin hunturu na shiga haƙoransa ya kashe shi cikin wata biyu. Abin mannewar nan mai ƙara, Velcro, wani injiniya ɗan Suwizalan mai suna George de Mestral ne ya ƙirƙiro shi bayan ya lura a 1941 da yadda 'ya'yan wata ciyawa ke maƙale wa gashin karensa. Wato ƙarangiyar ƙasarsu ya kwaikwaya. To kawo shi nan inda ƙarangiya ta gaske take, ka ratsa saura sau ɗaya da kaka, ka ga yadda zai cika da ita ya daina kamawa. Yadin roba da ke hana ruwa shiga kuma yana hana gumi fita, sai takardar da ke ciki ta jiƙe daga jikin mai ita. Na sha karɓar takardar haihuwa daga hannun uba a lokacin rajistar jarrabawa, ta narke a kan ninki har sunan yaron ba ya karantuwa, a ce sai an koma an nemo wata, yaro na zaune yana jira.

Telolinmu kuwa hankalinsu ya tafi kan kwalliya. Shekarun nan yayi ya koma ga matsattsen ɗinki, an tsuke kaftani, aljihu ya ƙara ƙanƙancewa don kada ya ɓata tsayuwar riga. Har babbar rigar ma an taɓa ta: na ga waɗanda aka yi wa aikin kwamfuta mai kyau a ƙirji, ka sa hannu ka tarar a like yake, hoton aljihu ne kawai. Ban ga laifin ado ba, ni ma ina so in fito tsaf ranar Juma'a. Amma mutum ɗaya ne ke zuwa Juma'a da kasuwar Maigatari, kuma galibi da riga ɗaya.

Mata kuwa tarihin nan gaba ɗaya ya tsallake su. Haɓar zane ce aljihunsu tun zamanin wuri, sai lalita, sai ɗan aljihun da masu sayar da abinci ke sa a ɗinka musu a jikin fatari. Turawa ma sun yi haka, matansu sun shafe fiye da shekara 200 suna ɗaura aljihu da igiya a ƙarƙashin siket. A ajina, yaro namiji na zuwa da alƙalaminsa da kuɗin tara a aljihun wando. Yarinya tana riƙe da nata a hannu, ko ta ƙulle a bakin hijabi, in za ta ɗebi ruwa ta ajiye a ƙasa. Rabin kukan "Mushe, an ɗauke mini alƙalami" daga layin 'yan mata yake fitowa, kuma ƙyallen da zai kashe wannan kuka bai kai tafin hannu biyu ba, yana nan zube a ƙarƙashin keken kowane tela.

Bayan abin da ya sami maƙwabcina, na ɗauki yadi na tafi wurin telan da ke yi mini ɗinki tun ina makarantar horon malamai, na kuma tafi da tsohuwar rigar saƙi ta mahaifina. Na ce ina son aljihu ta ciki, a ƙirjin hagu, mai zurfin taƙi ɗaya da rabi, bakinsa na kallon sama, a ninka yadi biyu ta ɓangaren jiki saboda gumi, a raba shi gida biyu kamar zabira don sefa da naira, a maimaita ɗinki a kusurwoyin, a sa maɓalli da madauki maimakon zif. Na gefen kuma a zurfafa shi, a karkatar da gindinsa zuwa gaba yadda in na zauna abin ciki zai gangara ƙasa maimakon baki. Ya juya rigar saƙin yana dubawa, ya daɗe yana shafa bakin aljihun da yatsa. Ya ce, "Malam, ai wannan aikin mutanen da ne, yanzu wa zai biya shi?" Na tambaye shi nawa zai ƙara. Ya yi lissafi ya ce dala 60. Bijimin da aka rasa rabin kuɗinsa ya fi jikka 200.

Ya ɗinka, sai da muka mayar sau ɗaya domin ya sa maɓallin inda madaurin jakar lakwal ke danne mini shi a ƙirji. Yanzu wata tara ina sa rigar, na je Babura da ita a babur sau uku. Maƙwabcin nawa ya kai nasa yadin makon jiya, matarsa kuma ta aika da riguna biyu na 'yan matanta, ta ce a sa musu ta dama, domin da hagu suke riƙe tulu.